Sauya inji a bar tsohuwar kafireta: Yaushe take dacewa, yaushe take kashe inji?

Da zarar damina ta ɗauke, ruwan gulbi ya janye daga fadamun Isa da Sabon Birni, hankalin manoma kan koma ga injin ban ruwa. A daidai wannan lokaci ne ma'aikacin gwamnati da ke Sakkwato, ko ɗan kasuwar da ke Kano ko Gusau, kan samu kira daga 'yan uwa a Turba ko Gatawa ko Tsamaye cewa injin bara ya buga, ga kuma irin albasa ya isa dashe. Sayen sabon injin ban ruwa ɗungurungum ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, saboda haka abin da aka fi yi shi ne a sayi gangar injin kaɗai, sabuwa ko ta hannu, a kwance tanki da salansa da kafireta daga tsohon a mayar wa sabon. Tanki da salansa ba su cika kawo rigima ba. Kafireta ce ke da magana.

Yawancin mutane suna auna dacewar kafireta da abu guda: idan ramukanta biyu sun shiga kusoshin inji, an ɗaure noti, to ta yi. Wannan ma'auni ne mafi rauni. Kafireta tana dacewa ne idan ta yi daidai da yawan iskar da injin ke zuƙa, da irin man da yake ci, da kuma ƙarafan da ke buɗe ta suna rufe ta. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya saɓa, inji zai tashi, zai ma yi aiki na wani lokaci, amma ko dai ya riƙa shan mai fiye da ƙima, ko ya riƙa cin kansa a hankali.

Aikin da kafireta ke yi

Kafireta ma'auni ce kawai, ba ta da wani ƙarfi na kanta. Idan fistan ya yi ƙasa, sai ya zuƙo iska ta cikin bututunta. A tsakiyar bututun akwai wurin da aka matse kamar maƙogwaro. Iskar da ke wucewa ta nan dole ta ƙara gudu, ƙarin gudun kuma ya sa matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga ɗan kofin da ke ƙarƙashi ta wani siririn rami da kanikawa ke kira jet. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Venturi, ya bayyana wannan ɗabi'a ta matsattsen bututu a 1797, kuma a 1893 Wilhelm Maybach na Jamus ya fito da kafireta mai fesa mai ta jet, wadda a kanta aka gina irin waɗanda muke gani a yau.

Domin fetur ya ƙone tas, kowane kilo ɗaya nasa yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Wato lita ɗaya ta fetur tana neman iskar da ta haura lita 9,000. Idan inji yana ɗauke da cikakken nauyi akan so man ya ɗan fi haka yawa, wajen kashi ɗaya cikin 12 ko 13, domin rarar man tana sanyaya fistan da bawul. Idan mai ya yi yawa ƙwarai, sai baƙin hayaƙi da asarar kuɗi, kuma rarar fetur ta gangara ta tsinka baƙin mai. Idan kuwa iska ce ta rinjaya, sai zafi ya hau, bawul ya ƙone, fistan ya maƙale. Na farkon ana ganinsa da ido, a gyara da wuri. Na biyun shi ne mugu, domin sau da yawa mai injin murna yake yi cewa sabon injinsa ba ya shan mai.

Injinan da ke fadamar Gobir

Kafin zuwan inji, da jigo da ƙwarya ake ban ruwa a bakin Gulbin Rima da rassan da ke zuba cikinsa, Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi. Ƙananan injina masu amfani da fetur sun fara bazuwa ne a shekarun 1980 ta hannun hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohi, sannan Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1993 zuwa 1999, ya yawaita gajerun rijiyoyin burtsatse da injina masu bakin inci biyu da inci uku a Jihar Sakkwato da maƙwabtanta.

Cikin tsofaffin injinan da har yanzu ake tararwa akwai Robin EY15 mai sisi 143 da EY20 mai sisi 183, na kamfanin Fuji na Japan, waɗanda bawul ɗinsu ke gefen silinda. Kamfanin, wanda ya koma amsa sunan Subaru, ya daina ƙera irin waɗannan injina a 2017. Wanda ya mamaye kasuwa shi ne dangin Honda GX da suka fito a 1983, da kuma kwaikwayonsu na Sin. Famfon Honda mai inci biyu yana zuwa da GX120, mai inci uku kuma da GX160, wanda kan iya tura lita 1,100 a minti ɗaya. GX160 yana da sisi 163, GX200 sisi 196, babbansu GX390 da ake gani a manyan janaretocin gida sisi 389.

Injinan Sin suna ɗauke da lambobi irin su 168F da 170F da 188F, kuma lambar tana da ma'ana da ya kamata mai saye ya sani. Ɗayan farko na nufin silinda guda. Lambobi biyun da ke biye faɗin silindar ne a milimita. Harafin F kuma na nufin iska ke sanyaya shi. To a nan tarkon farko yake: GX160 da GX200 faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 68, bambancinsu a tsawon tafiyar fistan ne, 45 da 54. Saboda haka lambar 168F tana kan inji mai sisi 163, tana kuma kan mai sisi 196, sai dai a ƙara wa na biyun wata lamba a ƙarshe. Takardar da ake mannawa a murfi mai cewa 5.5 ko 6.5 ko 7.0 ba abin dogaro ba ce, ko yaro zai iya ɓamɓare ta ya manna wata. Abin dubawa shi ne rubutun da aka zuba ko aka buga a jikin ƙarfen gangar.

Shigar kusa ba shaida ba ce

A dangin GX120 da GX160 da GX200 da kwaikwayonsu, tazarar da ke tsakanin kusoshi biyun da ke riƙe kafireta kusan milimita 43 ce. Kafiretar kowane ɗaya za ta zauna a kan ɗan uwansa ba tare da an goge ko an huda komai ba. A kafiretocin Sin na wannan aji akan ga alamar P19, domin bakin da ke kallon inji milimita 19 ne, na 188F kuma P27. Wannan babbar ba za ta shiga kusoshin ƙaramin inji ba, don haka ba ta cika ruɗin kowa ba. Haka ma kafiretar Robin, wadda zamanta da hannun totur ɗinta daban suke da na Honda. Ruɗun yana tsakanin waɗanda suka yi kama da juna.

Bari mu yi ɗan lissafi. Inji mai bugu huɗu yana zuƙar iska sau ɗaya a kowane juyi biyu. Mai sisi 163 da ke juyi 3,600 a minti, kamar yadda injin ban ruwa ke yi idan an buɗe masa totur, yana neman iska kusan lita 293 a minti. Mai sisi 196 a wannan gudu yana neman lita 353, ƙarin kashi 20 cikin 100. Idan aka ɗauki kafiretar GX120, mai sisi 118 kacal, aka ɗora wa mai sisi 196, maƙogwaronta zai shaƙe shi, ruwan da yake turawa ya ragu, manomi ya ɗauka rijiya ce ta ja baya ko an sayar masa da jabu. Idan aka yi akasin haka, aka ba ƙaramin inji kafireta mai faɗin maƙogwaro, iskar ba za ta yi gudun da zai tsotso mai yadda ya kamata ba. Sai a sha wahalar tayar da shi, ya ƙi tsayawa a silo, da an ɗora masa nauyi kuma ya shaƙe.

Tsakanin GX160 da GX200 tazarar ba ta kai haka ba, kuma gaskiya ita ce dubban injina suna aiki da kafiretar juna. Injin janareta mai sisi 196 da ke juyi 3,000 yana zuƙar lita 294, wato daidai da abin da mai sisi 163 ke zuƙa a juyi 3,600. Shi ya sa 'yan kasuwa ke sayar da kafireta ɗaya su ce ta kowa ce. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba su faɗi duka ba, domin sauran maganar tana wurin jet.

Jet ɗan guntun tagulla ne da bai kai ƙwayar masara ba, kuma akan buga lamba a jikinsa. A tsarin Keihin, kamfanin da ya saba yi wa Honda kafireta, lambar tana nuna faɗin ramin: 70 na nufin kashi 70 cikin 100 na milimita ɗaya. Injinan wannan aji galibi suna tsakanin 68 da 75. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma yawan man da ke wucewa yana bin girman filin ramin ne. Daga 70 zuwa 75 ramin ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100, daga 70 zuwa 80 kuma kashi 30. Honda ta ce GX160 yana shan lita 1.4 a awa idan yana cikakken aiki. Mai ban ruwa na awa goma zai ƙona lita 14. Ƙara masa kashi 15, ka ga lita biyu ke tafiya a hayaƙi kullum, tun daga dashe har cirar albasa. Da kuɗin fetur na yau, wannan asara ta mako guda ta isa a kira ta asara.

A nan ne ya kamata a faɗi wata al'ada da ke lalata kafireta fiye da tsufa: zura allura ko wayar burki a cikin jet don a buɗe shi idan ya toshe. Tagulla ba ta da tauri. Kowace zurawa tana ƙara wa ramin faɗi, lambar da ke jiki kuwa tana nan yadda take. Tsohuwar kafiretar da aka yi shekara biyar ana tsokala ba ita ce wadda lambarta ke faɗa ba, kuma mayar da ita kan sabon inji gadon matsala ne. Akwai kuma sandar da ke juya faifan totur. Idan ta ci jikin kafiretar har tana girgiɗi, iska za ta riƙa shiga ta gefe da ƙurarta, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Gwamna da cok da makunnin mai

Ƙananan injinan nan suna da wata na'ura a ciki da ake kira gwamna, kuma sunan ya dace da ita, don ita ke hana inji wuce gona da iri. Wani hannu ne ke fitowa daga cikin ganga, siririn ƙarfe ya haɗa shi da totur ɗin kafireta, ga sifirin mai kauri da ke ja, ga wani siriri kamar gashi da ke zagaye da ƙarfen don hana shi wasa. Idan ramin da ƙarfen ke shiga a kan sabuwar kafireta ya ɗan gusa, ko ƙarfen ya fi na asali tsawo, to ko dai totur ba zai buɗe duka ba, ko ba zai rufe duka ba. Lanƙwasa ƙarfen da filaya, kamar yadda wasu ke yi, magani ne na rana ɗaya. Yadda ake yi shi ne a sassauta notin hannun gwamna, a tura hannun har totur ya buɗe ƙarshe, a juya sandar gwamnan ta wannan ɓangare har ta tsaya, sannan a ɗaure.

A injin ban ruwa kuskuren gwamna ruwa yake ragewa. A janareta kaya yake ƙonawa. Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma don ƙaramin janareta ya ba da haka dole injinsa ya tsaya a juyi 3,000. Wanda ya ɗauko saitin injin ban ruwa mai 3,600 ya mayar wa janareta ya ɗaga wutar sama da abin da firji da fanka da cajar waya suka saba da shi. Mai shagon cajin waya a Isa ko mai sayar da ruwan sanyi a tashar Sabon Birni ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da hakan ke jawowa.

Siffar kafiretocin ma ta bambanta. Ta injin ban ruwa da injin markaɗe tana da makunnin mai a jikinta, da ɗan kofin tara datti a ƙarƙashinsa. Ta janareta yawanci ba ta da su, saboda makunnin yana gindin babban tankin da ke sama. Idan aka sa ta janareta a injin ban ruwa, an rasa inda za a rufe mai. Da an ɗora injin a babur ana tafiya kan gargada, sai allurar fulota ta riƙa sakin fetur yana gangarawa cikin silinda har ya gauraya da baƙin mai. Hannun cok ma ba iri ɗaya ba ne, wani na turawa da yatsa ne, wani na ja da sanda, kuma murfin matatar iska shi ke riƙe shi a wurinsa. A wasu manyan janaretoci akwai ɗan makunnin lantarki a gindin kofin mai, wanda aikinsa yanke mai idan an kashe inji, kuma wayoyinsa sai sun dace da na injin da aka ɗora shi a kai.

Tunda ana maganar sauya ganga, a duba bakin sandar karanshaf kafin a biya kuɗi. Ta famfo mai zare ce kamar kusa, ta janareta mai tsini ce, ta injin markaɗe miƙaƙƙiya ce mai gurbin maɓalli. Wannan ba ya cikin sha'anin kafireta, amma ya sha mayar da mutane kasuwa.

Tsakanin kafireta da kan silinda akwai wani baƙin faifai mai kauri da ke tare zafi, da gaskit a kowane gefensa, da wani kuma ta wajen matatar iska. Waɗannan takardu ba su da tsada, amma kowanne yana da ƙananan ramuka da dole su yi daidai da hanyoyin iska na kafiretar. Wanda aka yanka daga kwalin sigari ko aka juya shi baibai zai iya toshe hanya ko ya bar kafa. Kafar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta sa inji ya riƙa hawa da sauka kamar mai haki.

Darasi daga motocin wasa

Babu inda aka fi ganin wannan ka'ida a fili kamar a ƙananan motocin wasa masu inji da ake tuƙawa da rimot, waɗanda manya ke tsere da su a Amurka da Turai da Japan. Kamfanin Traxxas na Amurka ya fito da wata irin wannan mota mai suna T-Maxx a 1999, kamfanin O.S. na birnin Osaka kuma ya daɗe yana ƙera injinansu. Injin da ake kira .21 sisi uku da rabi ne kacal, bai cika cokalin shayi ba, amma yana haura juyi 30,000 a minti. Ba fetur yake ci ba, haɗin metanol ne da wani sinadari da ake kira naitro da kuma man shafawa.

Kafiretar wannan inji ba ta da kofi ko fulota. Hayaƙin salansa ne ke tura mai daga tanki, allurai biyu kuma suke auna shi, ɗaya ta babban gudu, ɗaya ta ƙarami. Wuyanta yana shiga wani rami a ganga, a matse shi da kusa, zoben roba ya hana iska shiga. Masu wannan wasa idan sun sauya inji suna duba abu uku kafin su yi tunanin mayar da tsohuwar kafireta: kaurin wuyan, faɗin maƙogwaron, wanda a manyansu kan kama daga milimita 6 zuwa 9, da kuma ko totur ɗin na ja ne a miƙe ko na juyawa, domin ƙarfen da ke haɗa shi da rimot ba ya aiki da duka biyun. Kuma tunda man shafawar yana cikin man da inji ke sha, rage mai daidai yake da rage shafawa. Kuskuren juya allura kaɗan kan kashe inji cikin mintoci. Don haka mafi yawansu ba sa wahalar da kansu, suna barin sabon inji da kafiretar da ya zo da ita.

Abin da ke faruwa da wannan ɗan inji cikin mintoci shi ke faruwa da injin fadama cikin makonni. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne ƙaramin janareta mai bugu biyu, irin Tiger 950 mai sisi 63, wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, da kuma tsohon babur Jincheng AX100. A janaretan, duk shafawar da fistan ke samu ta kafireta take bi. Ƙaramin jet a wurinsa hukuncin kisa ne.

Idan man ya sauya

Kowace kafireta an auna ta ne da mai iri ɗaya. Metanol kilo 6.4 na iska kawai yake buƙata, naitro kuwa 1.7, saboda haka jet ɗin da ya ishi fetur ba zai kai rabin abin da metanol ke so ba. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana wannan a watan Fabrairun 2022, lokacin da kamfanin NNPC ya sanar cewa an shigo da fetur mai gauraye da metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aka janye shi, layin mai ya dawo. Irin wannan gauraye yana sa iska ta rinjayi mai, yana cin roba, yana kuma jawo ruwa.

A gabashin Sakkwato matsalar ta fi zama ta datti. Tun daga Nuwamban 2019, lokacin da hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, da Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda 'yan bindiga, mutanen yankin suka ƙara dogara ga 'yan bumburutu. Man da ya bi ta jarka uku da mazurari biyu kafin ya iso tanki ba ya rasa yashi da ruwa. Ƙaramin jet na silo, wanda raminsa bai kai rabin milimita ba, shi ke fara toshewa. Wannan wani dalili ne na fifita kafireta mai kofin tara datti, da kuma sa ɗan matacin mai a tiyo.

Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500, a 2024 kuma ta haura 1,000. Daga nan kafiretar iskar gas ta cika kasuwa, manoma da masu janareta suka koma tukunyar girki. Lissafinta mai sauƙi ne: kilo ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfin kusan lita 1.4 ta fetur, wato tukunya mai kilo 12.5 tana daidai da lita 17 zuwa 18. Mai karatu zai iya ɗora farashin garinsu a kai ya ga ko akwai riba. Ita ma wannan kafireta tana da aji, ta 168F daban, ta 188F daban, kuma ƙarfin inji kan ɗan ragu, bawul kuma ya fi jin zafi tunda babu ruwan fetur da ke sanyaya shi. Ba a sa ta a inji mai bugu biyu da ake haɗa wa mai, domin gas ba ya ɗaukar man shafawa.

Akwai haɗarin da ya keɓanci fadama. Famfo ba ya iya tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, don haka idan ruwa ya yi ƙasa a watan Maris da Afrilu, manoma kan haƙa rami kusa da rijiya su saukar da inji ciki. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan tiyo yana yoyo, a cikin ramin za ta taru, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Tukunya ta zauna a sama, a tsaye, a inuwa, a kuma gwada kowane mahaɗi da ruwan sabulu. Hayaƙin salansa ma yana taruwa a ramin ko da fetur ake aiki, kuma yana sumar da mutum ba tare da ya ankara ba.

Babura

'Yan kabu-kabu ma suna da nasu. A baburan Sin da aka kwaikwaya daga Honda CG125, kafiretar PZ26 ta injin sisi 125 ce, PZ27 ta 150, PZ30 ta 200 zuwa sama, kuma galibi tazarar kusoshinsu ɗaya ce, milimita 48. Samari kan sa babbar da zaton babur zai ƙara gudu. Abin da suke samu shi ne shaƙewa a tashin farko da yawan shan mai. Wanda ya sauya inji ya duba tsawon wayar totur da irin cok, na hannu ne ko na waya, da faɗin robar da ke zuwa matatar iska. Bajaj Boxer kuwa gara a bar shi da kayan gidansu.

Bayan an ɗaura

A bar inji ya yi zafi kafin a taɓa kowane sukuru. A dangin GX, sukurun haɗin silo yakan zauna ne wajen zagaye biyu daga rufewa, silon kuma kusan juyi 1,400. Idan inji yana hawa da sauka, a rufe cok rabi. In ya daidaita, to mai ne bai ishe shi ba, a nemi toshewa ko kafar iska, kada a bar shi yana aiki da rabin cok. Bayan awa guda ana aiki da nauyi a kwance fulogi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so. Baƙi mai kunkunniya yawan mai ne. Fari fat kamar alli kuwa, a kashe inji.

Yanayi yana da hannu a ciki. Duk ƙarin zafi na maki 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100, don haka injin da aka saita da asubahin hunturu zai ɗan yi yawan mai a tsakar ranar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40. Wannan ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne a saita shi ƙurus a bazara, hunturu ya zo ya same shi da ƙarancin mai. Ƙurar hunturu kuma tana toshe soson matatar iska, inji ya fara baƙin hayaƙi, wani ya cire soson ya yar. Daga ranar ne yashin fadama ke fara cin ringi.

Ga mai saye daga nesa

Tafiya daga Isa ko Sabon Birni zuwa Sakkwato a shekarun nan ba abu ne da ake son maimaitawa saboda guntun tagulla ba. Wanda zai yi sayayya a Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, ko ya tsallaka Maraɗi, ya sa a aiko masa da tsohuwar kafiretar kanta a hannun direba, tare da ƙarfen gwamna da sifirin ɗinsa. Idan hakan bai samu ba, a ɗauki hoton rubutun da ke jikin ganga, da bakin karanshaf, da kafiretar ta gaba da ta baya an ɗora ruler a kan ramukanta. A shago a nemi mai kaya ya kwance kofin mai a karanta lambar jet, a girgiza sandar totur a ji ko tana wasa, a kuma yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida.

Idan ana sayar da gangar da kafiretarta, a sayi duka biyun ko da ya ɗan fi tsada. Tsohuwar a wanke ta da fetur, a busa ramukanta da famfon taya, a naɗe ta a leda a ajiye: fulota da allurarsa da kofin mai galibi suna shiga sabuwar, kuma su ne ke fara lalacewa a tsakiyar rani, lokacin da babu mai zuwa birni.